Furanni Biyu Zuwa Poltava

Duk Asabar Ostap ne ke loda motar da ƙungiyar 'yan Yukren mazauna birnin Lublin na Poland ke aikawa gida da magunguna da barguna da saƙonnin mutane. Masu jawabi suna ciki suna shan shayi, shi yana waje da ciwon bayansa.

Yau ga wata mata tsaye a bakin ƙofa, bai taɓa ganinta ba. Gajera ce, kwat ɗin jikinta na namiji ne, ta nannaɗe hannayensa. Yatsunta duk sun tsattsage, wataƙila wanke-wanke take yi a wani otal. Ba ta da jaka, sai jajayen furanni da ta rungume.

"Ɗana, akwai wuri zuwa Poltava?" ta tambayi Zenko direba.

"Ko allura ba ta shiga, Goggo. Har da furanni? Wane tsoho ne ya yi sa'a?"

Ta ɗan murmusa kawai.

Ostap ya dubi furannin. Biyu ne. A al'adarsu, mai rai fure ɗaya ake kai masa ko uku, biyu na kabari ne.

Ya buɗe gaban mota, ya sauke kwalin da ke kan kujera, wanda ya haɗa wa ƙanwarsa.

"Kai tsoho, naka ne fa!" in ji Zenko.

"Ya jira wata Asabar. Rufe bakinka ka kunna mata hita."

Ta shiga, ta ɗora furannin a cinya, ta ja wuyan kwat ɗin har hancinta.