Bala, Ɗan Jihar da Bai Taɓa Takawa Ba

Shekara ashirin ke nan da rasuwar abokina Bala, wanda muka yi zaman ɗaki ɗaya da shi a unguwar Hayyus Sabi'i lokacin muna ɗalibta a Alƙahira. Bahaushe ne, jikan fataken shanu, amma a Abakaliki aka haife shi. Mu 'yan Arewa ba mu bar shi ya sha ruwa ba, kullum sai mun tambaye shi ko ya iya tuƙa tuwo.

Yakan ce gidansu bai taɓa gusawa ba, jihohi ne ke ta sauyawa a kansa. Ya yi firamare a matsayin ɗan Anambra, ya zo Masar a hakan. A 1991 aka mayar da shi ɗan Inugu yana zaune a Alƙahira. Ranar bikin 'yancin kai na 1996 kuma rediyo ta ce an ƙirƙiro Ebonyi, hedikwatarta Abakaliki. Ban taɓa ganin Bala cikin farin ciki irin na ranar ba. Ya dafa shinkafa tukunya guda, har bawwab, mai gadin gidanmu, sai da ya ci.

Na ce masa, "Malam, kai da ko kansila mutanen can ba za su ba ka ba?"

Ya ce, "Ma'alish, ba komai. Can aka binne cibiyata, khalas, shi ke nan."

Burinsa ɗaya ne, ya taka garinsu yana babban birni. Karatu ya riƙe shi, sannan aure, sannan aikin tafinta ga masu zuwa jinya, har ciwon ƙoda ya kwantar da shi. Bai koma ba.

Yau ina ganin hotunan gadojin sama na Abakaliki a waya, sai in ce da Bala na nan da kunnuwanmu sun shiga uku. Wallahi ina kewar wannan cika bakin nasa.

Bai bar gida ba, bai bar mota ba. Abin da ya bar mana shi ne yadda ake son wuri ko da wurin bai san da kai ba. A maƙabarta wani dattijo Bamisre da ya taya mu salla ya tambaye ni mamacin mutumin ina ne. Na buɗe baki zan ce Kano don ya gane, sai na kasa. Na ce masa ɗan Ebonyi ne. Allah ya jiƙan Bala.