Ranar da Haske Ya Dushe a Ruwan Rijiyarmu

Bayan mun gama ɓarar gyaɗa a shekarar, ƙanwata ta zo ƙauyenmu da ke kusa da Dawakin Tofa. A Kano take karatun digiri na biyu, fannin sinadarai. Gyaɗar ba ta dame ta ba, ɓawon ta cika buhu da shi ta tafi. Inna ta ce ko kiwon awaki ta fara a jami'ar.

Bayan wata biyu ta dawo da 'yar kwalba mai ruwa kalar shayi, da ƙaramar tocila mai hasken shunayya. Da aka idar da azahar ta kira ni ɗakin Inna, ta rufe ƙofa da taga, ta haska kwalbar. Ruwan ya kama haske shuɗi kamar an kunna fitila a cikinsa. Inna ta ja da baya tana salati.

"Ɓawon gyaɗarku ne, Yaya," in ji ta. "Na niƙa shi, na dafa a rufaffiyar tukunyar ƙarfe da zafi mai tsanani, har ya koma ƙwayoyin gawayi da ido ba ya gani. Su ke ba da hasken. In akwai ƙarfe mai guba a narke cikin ruwa, sai ya manne musu, hasken ya ragu."

Ta zuba ruwan leda a kofi ta ɗiga kaɗan, ya haska. Ta gwada na burtsatsen masallaci, shi ma ya haska. Ni da bakina na ce a kawo na rijiyar gidanmu, wadda Baba ya haƙa tun ba a haife ni ba, don ban taɓa shan ruwa mai daɗinsa ba. Na jawo guga na kawo.

Tana ɗigawa, hasken ya dushe, sai ɗan ɓurɓushi. Ta wanke kofin ta sake. Ta sake na uku.

"Me ake yi a bayan katangar nan?" ta tambaye ni.

Shekara huɗu kafin nan na ba wani abokina aron kangonmu da ke bayan katangar, yana fasa tsofaffin batiran mota yana ciro dalma, ruwan batir kuma yana tuttulawa a rami. Tsakanin ramin da rijiyar bai kai taku ashirin ba.

Inna ta zauna bakin gado. "Da ruwan nan na dama wa jikokina kunu ɗazu da safe."

Ƙanwata ta ce kada mu yanke hukunci tukuna, ko tsatsa ma tana iya rage hasken, sai an auna da babban inji a Kano. Amma ta hana kowa sha, ta ɗebi ruwan ta tafi da shi. Kwana tara muna ɗebo ruwa a masallaci. Duk lokacin da na kalli 'yata ƙarama tana wasa a tsakar gida sai in tuna kunun Inna.

Da ta bugo waya ko gaisuwa ba ta yi ba. "Dalma ce, Yaya. A kawo yaran asibiti."

An auna jininsu. Ƙaramar ce aka sa wa magani, muka yi watanni muna zuwa ana dubawa har likita ya ce dalmar da ke jininta ta sauka. Abokina da na gaya masa, tsugunnawa ya yi ya riƙe kai, don shi ma daga rijiyar matarsa ke ɗiba. A makon ya kwashe kayansa.

Gaya wa Baba ya fi komai yi mini nauyi. Ya saurare ni har na gama. Washegari ya aika aka kawo siminti, ya kwaɓa da hannunsa duk da ciwon bayansa, ya rufe bakin rijiyar, ya hana ni taɓa shebur. Bai yi mini magana ba sai ranar Juma'a, muna hanyar masallaci, ya tambaye ni jikin yarinyar.