Dokar da Mai Agogo Ya Rubuta Ranar Laraba

Shagon mai gyaran agogo yana tsakanin kantin magani da rumfar masu ɗinkin takalma. Taku huɗu ne faɗinsa, tsawonsa shida. Shekara ashirin da shida ke nan yana buɗe shi ƙarfe takwas saura kwata, ya rufe biyar da rabi, ban da Asabar da yake tashi ƙarfe biyu. Siririn mutum ne mai furfura a gefen kai, idonsa na dama ya ɗan ƙanƙance saboda gilashin da yake maƙalawa in zai leƙa cikin agogo. Duk unguwa Mai Agogo take ce masa, har matarsa in tsokana ta motsa mata.

A ƙarƙashin teburin aikinsa akwai akwatin ƙarfe, cikinsa littattafan rubutu tara masu baƙin bango. A nan wata ƙabila take zaune wadda ba ta taɓa zama a ko'ina ba sai a kansa. Ya fara ƙirƙirarta ne shekarar da babur ya karya masa ƙafa, ya yi wata uku a kwance yana kallon rufin ɗaki. Da wani ne, rediyo zai riƙe. Shi biro ya nema.

'Yan Tsirkiya ya raɗa musu, wato sunan igiyar baka. Halittu ne na kurmi, su ba mutane ba, su ba aljanu ba: dogaye, kunnuwansu masu tsini, suna kai shekara ɗari biyar in kibiya ba ta katse musu hanzari ba. Gidajensu a kan bishiya suke, kuma wanda ya sari ɗanyen itace sai a yanke masa kan kunne ɗaya don kowa ya gani. Ba su da sarki, ba a gadon mulki. Kowa soja ne, mace da namiji. Ba a lissafa yaro cikin jama'a sai ranar da ya harbo ganyen da aka nuna masa daga taku ɗari. Ƙabilar ta kasu runduna bakwai, kowace da bishiyarta, kuma rundunarka ita ce gidanku: shugabanta ke ba ka izinin aure, shi ke raba abinci, shi ke nuna inda za a binne ka. Masu saƙa da masu magani ana ganin girmansu, amma ba su da baki a majalisa. A saman kowa akwai Uban Baka, wanda ake zaɓa ta hanyar ajiye kibiya a gaban wanda ake so.

Shekara goma sha ɗaya ya yi shi kaɗai da su. Rannan telan layin baya ya zo karɓar agogonsa, ya hango taswira a bayan tsohuwar kalanda, da kogi da bishiyoyi bakwai, ya ce wace ƙasa ce wannan. Daga nan aka fara zaman Asabar. Tela ya jawo wani malamin makaranta da ya yi ritaya, Malam kuma ya jawo maƙwabcinsa direban bas. Sai a saki labulen ƙofa, a shimfiɗa taswira, Tela ya zazzage maɓallan riga su zama mayaƙa. Kowa da rundunarsa. Uban Baka shi ke zama a kujera mai majingini, shi ke buɗe littattafai, shi ke riƙe ƙwayar lido, shi ke faɗin abin da ya auku a kurmi: an ga hayaƙi a gabas, ko masu saran itace sun haye kogi. Sauran su faɗi abin da za su yi, a jefa ƙwaya, ta yanke hukunci. Asabar ta farkon kowace shekara kuma a yi zaɓe, da tsinken ashana a madadin kibiya. Sau goma aka yi, sau goma tsinkaye suna taruwa a gaban Mai Agogo.

Sai ƙaninsa ya shigo.

Mai aski ne, shagonsa na tsallaken babban titi, shekara goma sha biyu tsakaninsu. Tun suna yara haka suke: babba ya kawo takardar na ɗaya a aji, uwarsu ta ce madalla ta ajiye a kan kwaba, ƙarami ya shigo da yagaggen wando da labarin yadda ya faɗo daga katanga, gida ya kwana yana dariya. Mai Agogo bai taɓa faɗa wa kowa wannan ba, amma bai manta ba.

Ruwan sama ne ya koro mai askin wata Asabar. Ya ɗaga labule ya ga dattawa huɗu sun duƙufa a kan maɓallai.

"Yaya, ashe caca kuke yi a ɓoye? Bari in je in gaya wa matarka."

"Zauna ko ka fita, kana shigo mana da feshi."

Ya zauna. Aka ba shi maɓalli ɗaya, mafi ƙanƙantar muƙami, mai gadin reshe. Kafin ruwa ya tsagaita ya riga ya yi wa mai gadin nan murya ta hanci, da ɗingishi, da wata matsala: tsoron hawa bishiya yake yi. Direba ya yi dariya har sai da ya sha ruwa.

"Babu wannan a littafi," in ji Mai Agogo. "A kan bishiya ake haihuwarsu."

"To ai shi ya sa, Yaya. Tun daga nan ya tsorata."

Asabar ta zagayo ya dawo, ba ruwa ba iska. Cikin wata na huɗu, da masu saran itace suka kewaye bishiya ta biyu, kibau suka ƙare, kowa ya rasa dabara. Mai gadin reshe ya ɗingisa ya tafi wurin masu saƙa, waɗanda ba su da baki a majalisa, ya tambaye su shawara. Mai askin da kansa ya yi muryar tsohuwar masaƙiya, tana mita cewa shekara ɗari uku tana yi musu tsirkiya ba wanda ya taɓa ce mata sannu, sai yau da wuta ta zo gindi. Ta ba su raga, aka kama masu saran itace kamar kifi.

Malam ya tafa. Tela ya ce, "Shekara goma muna kurmin nan, ban san matan nan suna magana ba."

Mai Agogo ya jefa ƙwaya, yana fatan ta ba da ɗaya. Ta ba da shida.

Shi ne ya rubuta masu saƙan nan. Shafi goma sha huɗu ya yi a kansu: irin zaren da suke murzawa, yawan tsirkiyar da ke kan kowacce a wata, inda suke zama in ana rabon abinci. Ba wanda ya taɓa tafa wa shafi goma sha huɗun.

Abin bai tsaya a shago ba. Wata safiya wani mutum ya kawo agogon bango, yana miƙawa ya ce, "Ashe kai ne yayan mai labarin masu dogon kunne? Kai, ƙanin nan naka akwai ƙwaƙwalwa. In yana aski yana ba da labarin nan, sai ka ji ba ka so a gama maka." Mai Agogo ya ce agogon zai kai mako biyu, alhali aikin rabin yini ne.

Saura mako guda a yi zaɓe, Direba yana tattara maɓallai ya ce, kamar da wasa, "Bana fa ashana za ta rabu biyu." Tela ya dubi silin. Malam ya shiga goge tabarau. Mai Agogo ya gane an riga an yi maganar a bayansa.

Washegari wajen karin kumallo ya tura kofin shayinsa gefe.

"Mene ne kuma?" in ji matarsa.

"Wata takwas. Wata takwas kacal ya yi. Ko sunan bishiya ta biyar bai sani ba."

"Au, ƙaninka? Yanzu Maigida, kishi kake yi da yaron da ka goya a bayanka? A kan tsinken ashana?"

"Ba kishi ba ne, tsari ne."

"To tsari ya sha shayinsa kafin ya huce."

Ba ta gane ba ne. Wanda ya hau kujerar nan shi ke cewa ga abin da ya faru a kurmi. In ƙaninsa ya ce gobe bishiya ta bakwai ta faɗi, to ta faɗi.

Litinin da Talata ya bi littattafai tara shafi-shafi tsakanin masu kawo gyara. Doka ɗari huɗu da goma sha biyu, babu ko ɗaya da ta hana mai gadin reshe tsayawa zaɓe. Shi da kansa ya rubuta, yana saurayi mai zafin kai, cewa baka ba ta san ɗan wane ba.

Ranar Laraba da hantsi ya ga wani ɗan fili a ƙasan shafi na sittin na littafi na uku. Ya ciro tsohon alƙalaminsa, ya sirka tawada da ruwa don ta yi fari-fari kamar ta shekaru, ya gwada sau uku a bayan ambulan har launi ya zo daidai. Sannan ya rubuta: "'Yan ciki ɗaya ba sa tsayawa gaban majalisa tare. Ƙarami shi ke janyewa." Kuma kamar yadda yake yi wa kowace doka, da kowace 'yar takardar da yake ɗaura wa agogon mutane, hannunsa ya zarce gefen shafi ya sa rana da wata da shekara da lokaci. Bai ma san ya yi ba. Ya busa tawadar ta bushe, ya rufe.

Ranar zaɓe, an raba ashana biyar, ya yi gyaran murya ya ce akwai wata tsohuwar doka da ya ci karo da ita. Ya karanta.

"Mu gani," in ji Malam. Ya sa tabarau, ya kai littafin kusa da taga. "Rubutunka ne, babu shakka. Tawada ma ta tsufa, tubarkalla." Ya ɗan karkata kai. "Sai dai a gefe an ce Laraba. Larabar nan da ta wuce. Ƙarfe goma sha ɗaya da minti ashirin."

Direba ne ya fara fashewa. Ya riƙe ciki yana cewa, "Har da minti! Wayyo, har da minti ashirin!" Tela ya toshe baki da hula.

Mai askin bai yi dariya ba. Ya juya tsinkensa a hannu, ya ce, "Haba Yaya. Ai da ka ce mini kawai kar in tsaya. Ni fa zuwa nake yi don ban taɓa ganinka kana wasa ba."

Maganar ta fi dariyar Direba zafi.

Tela, mai son a rabu lafiya, ya share hawaye ya ce, "To ai doka doka ce. Uban Baka ne ya rubuta, yana kan kujera. Ko jiya aka rubuta ta, ta hau kan kowa."

"Shi ke nan, na janye," in ji mai askin, ya ajiye tsinkensa a gefen taswira.

Ga kujera ta dawo masa, ba gardama. Abin da ya rage kawai ya yi shiru. Mai Agogo ya dubi tsinken, ya dubi Tela. Kunyar da ya sha zai iya haɗiye ta. Hukuncin da aka yanke ba daidai ba ne ya ƙi wucewa.

"Ba haka ba ne," ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "Sabuwar doka ba ta aiki sai ta shekara a littafi. Littafi na ɗaya, shafi na huɗu. Ɗauki tsinkenka."

Aka yi zaɓe. Malam da Tela da Direba suka ajiye nasu gaban mai aski, Tela yana ajiyewa yana kallon ƙasa. Mai askin ya sa nasa gaban yayansa. Mai Agogo ya sa nasa gaban kansa, bai ɓoye ba. Uku da biyu. Ya buɗe littafi na tara ya rubuta sakamakon, ya tashi daga kujera.

"Sai kuma abin da ya biyo baya," ya ce. "Uban Bakan da aka sauke yana tafiya gadin iyaka shekara guda. Yana halartar majalisa, amma ba ya magana."

"Kai Yaya, a bar wannan. Wa zai riƙa gaya mini abin da ke cikin littattafan nan?"

"A rubuce yake. Ka karanta."

Wata biyar ke nan yanzu. Kowace Asabar shi ke sakin labule, shi ke shimfiɗa taswira, sannan ya koma kan benci kusa da ƙofa da maɓallinsa ɗaya. Littattafan suna gaban ƙaninsa, wanda bai wuce rabin na ɗaya ba. An sami ƙarin mutum biyu, har an aro benci daga masu takalma. Makon jiya sabon Uban Baka ya miƙe tsaye yana ba da labarin yadda runduna ta uku ta haye kogi ta gabas da tsakar rana. Kogin yana yamma. Ga shi nan a taswira, ƙarƙashin gwiwar hannun Direba, an zana shi da shuɗin biro. Mutum biyar suna sauraro baki buɗe, ba wanda ya duba. Mai Agogo ya buɗe baki, ya rufe, ya jawo agogon wani da aka kawo gyara, ya maƙala gilashi a ido. Sau uku ƙaramin sukurun yana kuɓuce masa.