Giyar da Hannuna Kaɗai Ya Sani

Jirgin ruwan tsoho ne, mai shi ma tsoho ne, wani Bahijaze da ya bar aikin gwamnati ya koma kamun kifi don kada zaman gida ya kashe shi. Ammu nake ce masa, wato baffa, shi kuma ya ce mini "ya waladi", wato ɗana. Umara na zo na zauna, ba takardar iƙama ba kafilin da zai tsaya mini, na yi dako a Khumra har bayana ya fara ƙorafi, sannan Allah ya haɗa ni da shi a bakin ruwa, kudu da Jidda. Da wanke jirgi na fara, daga baya na zama direba.

Abin da ya ba ni tuƙin kuwa ciwon injin ne. Zai tashi lafiya lau, yana ta gurnaninsa, amma da an sa giya sai ya yi tari ya mutu. Ribas ya fi muni. Ana dosar wurin ɗaure jirage, a ja giya baya don a rage gudu, sai inji ya ɗauke, jirgi ya tafi kai tsaye ya bugi katako, masu shan shayi a gaɓa su yi ta dariya. Ammu ba ya son dariyar nan ko kaɗan.

Ni ne na gano lagonsa. Sai a ɗan taɓa totur, a saki, kafin ƙarar ta gama sauka a tura giya da tafin hannu, ba da yatsu ba, a kuma ɗan karkata ta hagu. Ammu ya gwada ya gaji, 'ya'yansa ma sun gwada. Ni kaɗai yake yi wa biyayya, don haka kowace Alhamis sai an jira ni. Muna fita Bahar Maliya mu biyu, ya ba ni labarin Jidda ta dā, mu ci shinkafa da kifi a faranti ɗaya. A garin da nake ratsewa lungu in na hango motar 'yan sanda, nan ne kaɗai ake nemana da suna.

Ba wai na zauna ban nemi gyara ba. Na canza fulogi, na wanke kafireta har tana ƙyalli, na tace mai ko ruwa ya shiga tanki. Sai ya yi sauƙi kwana kaɗan ya koma halinsa. Wata rana ya mutu mana a tsakiyar ruwa, iska tana tura mu wajen duwatsu, na ga Ammu ya ɗauko carbinsa yana ta ja. Ranar na ce a raina dole a samo wanda ya fi ni.

Da ƙafata na je na kawo shi. Maƙwabcina ne a unguwar Sa'alaba, Bahaushen Sudan, yana aiki a wani garejin injinan ruwa. Ya taso a bakin teku, Larabci kuma a bakinsa kamar da shi aka yi masa kiran salla a kunne. Tun gaisuwar farko na ji wani abu ya soke ni. Ni da nake haɗa Larabcina da nuni da hannu, sai ga shi da Ammu suna ƙyaƙyata dariya kan wata magana da ko kanta ban kama ba.

Bai ma kalli kafiretar da nake alfahari da ita ba. Ya ce mini, "Ɗan'uwa, sa giya in gani." Na yi dabarata, giya ta shiga sumul, na dube shi ina jiran yabo.

"La, la, ba haka ba," in ji shi. "Sa ta yadda kowa zai sa."

Na tura ta kai tsaye, inji ya mutu. Ya durƙusa ya bi wayar giya da hannu tun daga wajen tuƙi har bayan jirgi, ya zaro ta. Gishirin teku ya cinye cikinta, ta yi tauri kamar busasshen reshe. Ya ce giyar ba ta gama shiga ba take riƙe injin, shi kuma ba shi da ƙarfin da zai ja, sai ya shaƙe. Ya sa sabuwa, ya ɗan ƙara wa injin ƙarfinsa na tsaye, ya goge hannu da tsumma.

"Halas. Yalla ya Ammu, gwada da kanka."

Tsohon ya sa yatsu biyu ya tura. Gaba ta shiga, baya ta shiga. Ya yi ta maimaitawa yana dariya har haƙorinsa na zinariya ya fito. Ya rungume mutumin ya sumbaci kansa. Shekarun da na yi ina lallaɓa injin nan bai taɓa sumbatar nawa ba, kuma na ji haushi, haushi sosai, har da ƙyar na ce masha Allah.

Ammu ya ce su ɗan zaga su ji yadda yake a cikin ruwa. Ya juyo gare ni da fara'arsa, ba da wata manufa ba, ya ce, "Ya waladi, kwance mana igiya." Na kwance, na jefa musu. Na tsaya a kan katako ina kasa kunne, kuma Allah ya sani fata nake inji ya yi tarin nan nasa ko da sau ɗaya ne, su juyo su kira ni. Ya yi ribas lafiya, ya juya, ya miƙe, ƙararsa tana tafiya daidai har na daina jinta.

Ba a kore ni ba. Har yau ni nake wanke jirgin, in cika tanki, in jera ƙugiyoyi da ƙanƙara. Ammu yana tuƙa kayansa da kansa, kuma tunda bai son fita shi kaɗai, sai ya ɗauki wanda zai fahimci labaransa ba sai ya maimaita ba. Maƙwabcin nawa mutumin kirki ne, abin da ya fi ci mini rai ke nan, don na nemi laifinsa na rasa. Duk Alhamis da yamma sai ya ƙwanƙwasa mini ƙofa da ledar kifi a hannu, ya ce, "Ɗan'uwa, ga rabonka, Ammu yana gaishe ka." Ina karɓa in yi godiya, in soya, in zauna ni kaɗai in ci.