Mai Magani a Bakin Rufaffen Kantinsa

Mai maganin yana zaune a benci, farar rigar aikinsa a ninke bisa cinya, yana ta murza biro. Hukuma ta garƙame kantin da kwaɗo, ta dakatar da shi wata shida saboda sayar da magani ba takardar likita. Ko tausayi ne ya ja masa, ko ganganci, fuskarsa ba ta nuna ba.

Wata tsohuwa ta miƙo masa kwalin maganinta da ya ƙare.

"Ɗan nan, na hawan jinin. Kai kaɗai kake zana min na safe da na yamma in gane."

Ya dubi kwaɗon.

"Iya, an hana ni."

"To, in jira?"

Ya matsa mata a bencin.