Jet ɗin da Na Rage

Na fi shekara ashirin ina kanikanci a Tambuwal, motoci da yawa sun bi ta hannuna na manta da su. Ɗaya ce ba za ta bar raina ba har a rufe ni da ƙasa: jar motar ƙanina.

Shekara uku na ba shi. Sana'arsa sayo motoci daga Kwatano, amma wannan ya ce ba ta sayarwa ba ce. Injinta mai turbo ne, na'urar ƙara ƙarfi, a cikin but ɗin baya kuma akwai shuɗiyar tukunyar gas da siririn bututu da ya tafi har gaba. Ya ce sunan abin naitiros. In ka danna maɓalli kusa da giya, gas ɗin ya shiga injin tare da ƙarin fetur, mota ta zabura kamar an tsikare ta. An kwance haɗin tun can waje, an zuba ƙananan kayan a leda. Abokinsa zai yi aure a Kebbe, shi kuma ƙanin nawa yana so ranar kai amarya kowa ya san ya zo.

"Yaya, ka iya haɗa shi, ko in kai ta Sakkwato?" ya ce yana dariya.

"Sakkwato? Mi sunka sani? Aje makulli ka tahi."

Gaskiya ban taɓa ganin irinta ba. Da na faɗi haka a ranar, da ba wannan labarin nake ba ku ba.

A ledar akwai jet, ƙananan ƙarafa masu huda, na gas da na mai. Na mai ɗin da aka ɗaure tare da na gas, sai na ga hudarsa ta yi faɗi. Mu a nan, yabon makanike shi ne ya rage wa mota shan mai. Duk mai shigowa gareji maganarsa ɗaya: "Tana sha, a matse ta." Hannuna ya saba. Na jefa babban a aljihu, na ɗaura ƙarami, na tayar, na kasa kunne. Sauti lafiya lau. Ban san cewa gas ɗin nan, in bai samu isasshen mai ba, ƙarfen injin yake ci.

Da na gaya masa na rage mata sha, ya dafa kafaɗata. "Kai yaya, ko raƙumi anka ba ka, sai ka rage mishi shan ruwa."

Ranar Asabar ta kai amarya da hantsi ya ce zai gwada ta a kwalta kafin a kama hanyar Kebbe mai ramuka. Na tsaya bakin titi ina kallo. Na ji lokacin da ya danna. Ƙarar ta yi sama, sai wani ƙas-ƙas ya biyo, kamar tsakuwa a gwangwani. Na san wannan sautin. Na ɗaga hannu ina ihu kamar zai ji ni. Injin ya fashe, baƙin mai ya malala ƙarƙashin tayoyi, motar ta juya ta bugi gindin darbejiya.

Kafin la'asar mun binne shi. Amarya an kai ta Kebbe ba wanda ya danna hon.

Masu ta'aziyya suka ce gudu ne ya yi yawa. Innarmu ta riƙe hannuna ta ce, "Kwananai ya ƙare, bari kuka." Ba wanda ya tambaye ni komai, kuma wannan ya fi yi mini ciwo. Bayan sadakar bakwai na kwance injin ni kaɗai. Fistin na uku ya narke, rami a tsakiyarsa har yatsana ya shige. Babban jet ɗin yana nan a aljihun rigar aikina.

Na yarda kwana ba ya wuce lokacinsa. Amma na san hannun da aka biyo da ajalin. Har yau jet ɗin yana cikin akwatin sifanuna, kuma abin da ya koya mini gajere ne. In aka kawo mini abin da ban sani ba, ina cewa ban sani ba. Kalma uku ce. Na kasa faɗa wa ƙanina su.