Gaisuwar Inna a Bakin Gada

Talata ce. Ƙarfe bakwai Inna tana kaɗa shayi da man shanu da gishiri, tana mita wai na bar wuta ta mutu. Baba ya buɗe shagon hulunansa a ƙofar gida, cikin Lhasa, babban birnin Tibet. Shekarata goma sha tara a lokacin. Hausar nan da kuke ji a bakina a Makka na same ta, a unguwar Mansur, gidan mijina.

Mu Musulmi ne, 'yan tsiraru. Kakannin Baba daga Kashmir suka zo. Inna kuwa 'yar ƙauye ce, 'yar Tibet gaba da baya, sai da za ta auri Baba ta musulunta. Tun da sojojin mamaya suka kama garin, ɗan Tibet bai fi kare daraja ba a idonsu. A layin hatsi shi ne na ƙarshe. Ya yi yarensa a ofis, a ce ya yi magana irin ta mutane.

Ƙarfe tara muka ji motoci. Sai usur, sai ƙarar takalma. "Ku fito! Hannu sama!" Harbi uku daga wajen masallaci. Maƙwabcinmu mai sayar da turare ya tsaya neman sandarsa, suka fasa masa baki da gindin bindiga. Suka watsa hulunan Baba a kwata, suka liƙa takarda a ƙofar shagon. Kafin azahar unguwa ta yi tsit.

Bayan mako biyu labari ya zo: mai jinin Kashmir zai iya fita zuwa Indiya, ɗan Tibet kuwa ko taku ɗaya. Baba ya rubuta mu huɗu a takarda, shi da ni da ƙanwata Zulai da Inna, duk 'yan Kashmir. Kwana uku muna gyara Inna. Na kwance mata kitson ƙauyensu, na cire mata 'yan kunnenta masu shuɗin dutse, na lulluɓe ta da mayafi. Ni na fi matsa mata, da wannan bakin nawa mai zafi. Har kuka na sa ta. Mun ɗauka mun tuna da komai.

Kwana biyar muna bayan babbar mota. Ban iya zama ba, ban iya tsayuwa ba. Rana ta shida, ƙarfe goma sha ɗaya, muka iso gadar da ake duba takardu. Ruwa na ruri a ƙasa. Babban sojojin wurin ya hau motar, ya wuce Baba, ya wuce ni. Ya tsaya kan Inna ya daka tsawa: "Ɗago kai!"

A ƙauyukan Tibet, in talaka ya ga babba, rusunawa yake ya fito da harshe. Ladabi ne. Mu na birni sallama muke yi, shi ya sa abin bai zo mana a rai ba. Inna ta firgita. Ta rusuna, ta fito da harshe.

Wayyo Allah! Suka fashe da dariya. "Wannan 'yar Tibet ce! Sauke ta!" Baba ya riƙe hannunta, suka doke shi a ƙeya ya faɗi kan kaya. "Ja mota!" Direba ya ja. Na hango ta a bakin gada, mayafin ya zame, kanta ba kitso. Ko "yi haƙuri" ban ce mata ba.

Daga Indiya muka hau jirgin ruwa zuwa Jidda. Baba ya rasu a Makka, unguwar Tandabawi, a shekara ta uku. Na aika wa Inna wasiƙa bakwai, babu amsa. Duk aikin hajji ina bin alhazai a Muzdalifa ina leƙen fuskoki ko zan ga Inna, har mijina ya ce za a ce na zare. A ce mana!

Jiya 'yata Ummi, wadda ta ci sunan Inna, ta fito wa surukata Hajiya da harshe. Hajiya ta ce, "Ke Maman Ummi, gwalo take mini kina kallo?" Na ɗaga hannu zan make ta. Na kasa.

Mu huɗu muka kulle gida. Uku muka ƙetare gada. Yau saura ni da Zulai. 'Yan kunnen Inna suna ƙasan akwatina, duka biyun.